Malama Me-ka-gani da Ƙaramar Ƙofa

Kullum da safe, kafin masu shaguna su gama ɗaga ƙyaurensu, wata tsohuwar mota mai yawan tari takan tsaya a gefen katangar sakandaren unguwarmu. Wata dattijuwa ta fito, ta zagaya baya ta ciro kujerar roba wadda aka ɗaure mata ƙafa ɗaya da waya, ta kai ta gindin ƙaramar ƙofar da ke jikin babbar ƙofa, ta zauna. Ba ta yin komai har a kaɗa ƙararrawa. Sai maigadi ya ja babbar ƙofa ya sa kwaɗo, sannan aikinta yake farawa. Takan miƙe ta tokare ƙaramar ƙofar da ƙafa, ta zuba wa hanyar da ta gangaro daga tudu ido.

Can sai ka ga sun fara ɓullowa, suna gudu suna haki, wani bakin wandonsa jiƙe, wata har yanzu da shatin gammo a ɗankwalinta. Ba ta tambayar kowa dalilin makara. Abin da take cewa bai wuce, "Ruwa ya zo?" In an ce ya zo, sai ta ce, "To sannu da aiki, shiga." In an ce bai zo ba, ta ce, "Allah ya kawo, shiga." Sai ta tabbatar babu sauran mai gangarowa take naɗe kayanta.

Baƙo zai ɗauka wata kaka ce da ta rako jikanta ta kasa komawa gida. Ba zai san cewa ta koyar da ilimin zamantakewa a makarantar nan tun kafin a haife ni ba, kuma bara ta yi ritaya. Rumfar da nake facin taya tana tsallaken titi, saboda haka kullum a kan idona ake yi. Har yau in na ɗaga kai na gan ta tsaye a wurin, sai in dakata da aiki, domin na san abin da ya kawo ta.

Ni ba marubuci ba ne. Ban gama ƙaramar sakandare ba na tsere. Na yi yaron mota, na yi wankin mota, na taɓa walda, na taɓa tura baro a kasuwa, ko'ina sai in ji kamar ƙasa tana ƙona mini ƙafa. Ummanmu takan ce da benci zai yi magana, da ya ce bai san ni ba. A faci ne kaɗai na ɗan daɗe, kuma a nan Malama, wato dattijuwar nan, ta same ni, ranar da tayarta ta yi ƙasa.

Ina cikin aiki ta ce, "Ɗana, kamar na san fuskar nan a cikin kayan makaranta. Me ya fitar da kai?"

Na ce, "Kaina ne ba ya ja, Malama."

"Wa ya faɗa maka?"

"Ai ba sai an faɗa ba. Ni na san kaina."

Ta nuna bahon ruwan da ke gabana. "Da ka ce tayar nan tana yoyo, ban ga ka tsaya a faɗa ba. Sai da ka tsoma ta a ruwa ka ga kumfa. To, kan naka a wane ruwa ka tsoma shi?"

Ta ce in zo ranar Asabar da la'asar, ɗakin da ke bayan ɗakin karatu, inda ake tara karyayyun bencina. Na je don in ga ƙwaƙwaf, da niyyar ba zan koma ba.

Aji ne da ta ƙirƙira da kanta, na waɗanda makaranta ta suɓuce musu. Ba a biya, ba a ba da takardar shaida. Mu 'yan kaɗan ne. Akwai Dogo, yaron mota, wanda bakinsa ba ya mutuwa. Akwai wata mai ɗinki da muke kira Tela, wadda take magana kamar tana tsoron kalmomi su ƙare. Sauran masu zuwa yau ne su ɓace gobe. Na tambayi Malama wane darasi ake yi, tarihi ne ko me.

Ta ce, "A makaranta mun yanka ilimi gunduwa-gunduwa don ya shiga jadawali. Tarihi da safe, labarin ƙasa bayan hutun rabin rana, tattalin arziki ranar Laraba. Amma matsala in ta shigo gidanku ba ta duba jadawali. Gaba ɗaya take zuwa, don haka gaba ɗaya za mu tare ta."

A ajin nan ne na gane inda sunanta na Malama Me-ka-gani ya samo asali. In ka ce mutanen unguwarmu ba sa son karatu, sai ta ce, "Me ka gani?" In ka ce ai an ce, ta ce, "Wa ya ce, kuma me zai samu in ka yarda?" Tambayar da muka fi tsana ita ce wadda take ajiyewa sai ka gama zuba, ka gama ɗora wa gwamnati da iyaye da zamani laifi. Sai ta gyara tabarau ta ce, "To, kai kana ina a cikin labarin?"

Da kanmu ta fara. Kowa ya ba da labarin kansa, amma da sharaɗi: ba a yarda ka zagi kanka ba sai da shaida. Dogo ya ce, "Malama, ni shaidata rifot ɗina ne. Ja ne tun daga sama har ƙasa, kamar an yanka kaza a kai."

Muka yi dariya. Ita ba ta yi ba. Ta ce, "Wannan ya nuna ka faɗi jarrabawa. Bai nuna dalili ba. Abin da aka tambaye ka, kana cikin aji aka koyar da shi?"

Ranar na fara ganin bakin Dogo a rufe.

Da lokacin zaɓen matsalar da za mu bincika ya yi, sai muka zaɓi kanmu: me ya sa matasan unguwar nan da yawa suke barin makarantar nan? Ta koya mana tambaya. Ta ce kada mu ce wa kowa me ya sa ka bar makaranta, domin amsar da ya haddace zai ba mu. Mu ce masa, ba ni labarin safiyarka a wancan lokacin. Ta kuma koya mana yin shiru bayan tambaya, wanda a wurina ya fi ɗaga injin mota wuya.

Muka bazu cikin tasha da gareji da kasuwa da shagunan caji. Abin da ya fara ɗaure mana kai shi ne, kusan babu wanda ya tuna ranar da ya bar makaranta. Sai ka ji mutum ya ce, "Ni ban bari ba, zuwa ne na daina." Sannan duk wanda ka bari ya yi magana, ko ta ina ya faro, sai ya biyo ta bakin ƙofa.

Dokar makarantar a lokacin ita ce, da an kaɗa ƙararrawa sai a kulle ƙofa. Wanda ya makara zai durƙusa a waje, a kan tsakuwa, fuskarsa tana kallon titi, hannuwansa a sama, har a gama darasin farko. Na san dokar, gwiwoyina ma sun san ta. Amma ban taɓa haɗa ta da komai ba. Wani mai wankin mota ne ya faɗa mini abin da yake bakina shekara da shekaru ban sani ba. Ya ce, "Ni duka ba ya damuna. Amma in durƙusa a bakin titi, abokan babana suna wucewa a kan babur, yarinyar da nake so tana leƙowa daga motar haya? Ai in na ji ƙararrawa ina hanya, kwana kawai nake karyawa. Gobe kuma in ji tsoron a tambaye ni jiya. Kafin ka ankara an yi mako."

Tela ta kawo wani ƙaton kwali, muka zana taswirar unguwa a kai. Duk wanda muka zanta da shi, sai mu ɗora murfin kwalba a inda gidansu yake. Da muka gama, sai muka ja da baya muka duba. A gangare murafan tsilli-tsilli ne. A kan tudu kuwa sun hau kan juna, har suna zubowa.

Dogo ya ce, "To ga shaida. 'Yan tudu daƙiƙai ne, har da ni."

Malama ta ce, "Me tudu yake da shi da gangare ba shi da shi, ko me ya rasa? Ku hau ku gani."

Ba ma sai mun hau ba, mu 'yan can ne. A kan tudu bututun ruwa ya ƙare. Sai 'yan gangare sun gama cika randunansu sannan famfonmu yake fara tari, lokacin rana ta riga ta ɗaga. Wanda bai tara ruwa a wannan ɗan lokacin ba, gidansu sai gobe. Muna cikin wannan magana Tela, wadda take ta juya amsoshin da muka tattaro, ta ce a hankali, "Kun lura kusan dukkansu 'ya'yan fari ne?"

Na nemi wani karyayyen benci na zauna. Ni ɗan fari ne. Nan take na ga kaina a layin famfo da jarkoki, sanye da rigar makaranta, ina jiyo ƙararrawa daga nesa, ina lissafin in bar ruwan Umma ko in durƙusa a titi. Na tuna safiyar da na gangaro, na hango masu durƙuso, ƙafafuna da kansu suka kai ni rumfar mai faci. Shekara da shekaru ina yawo da sunan daƙiƙi a wuya, ashe ba wanda ya taɓa gwada kan nawa, har da ni.

Abin bai tsaya a kaina ba. Tun da na fara fita rumfa da sassafe, jarkokin gidanmu suka koma hannun ƙanwata. A makon da muka yi taswirar ne Umma ta ce mini an ga yarinyar zaune bayan injin niƙa da kayan makaranta a jikinta, lokacin da ake darasi. Na yi mata faɗa, na ce sawuna take bi. Ta sunkuyar da kai. Ashe gaskiya na faɗa. Sawun nawa take bi, taku bayan taku, kuma na san inda hanyar take ɓullewa.

Na ɗauka Malama za ta yi murna da abin da muka gano. Ba ta yi ba. Ta daɗe tana kallon kwalin. Ta ɗauki murfi ɗaya, ta jujjuya shi, ta mayar da shi inda yake. Sannan ta ce, "Saura tarihi. Kowace doka tana da ranar haihuwa, tana da wanda ya haife ta. Ku je wurin tsohon maigadin makarantar nan, ku tambaye shi wa ya kawo wannan."

Mun sami Baba Maigadi a ƙofar gidansa yana watsa wa kaji tsaba. Ya dube ni ya ce, "Kai, ba kai ne mai tsallake katanga ba? Ka yi gemu, amma ƙafar tana nan."

Na ce, "Baba, tambaya muka zo yi. Tun asali ake kulle ƙofa?"

"Ina. Da a buɗe take kamar bakin kasuwa. Yara su shigo lokacin da suka ga dama, malaman ma haka. Sai aka kawo wata yarinyar malama, sabuwa dal, jininta yana tafasa. Ta ce wannan ba makaranta ba ce. Ita ta ce a kulle, ita ta ce a durƙusar da su a waje, don kunya ta yi abin da bulala ta kasa. Kwaɗon farko ma ita ta kawo shi a jakarta."

Dogo ya ce, "Kuma ya yi aiki?"

"Sosai. Farko layin masu durƙuso har kwanar titi. Zango bai ƙare ba sai ga shi ya ragu, ya ragu, har ya zama 'yan tsiraru. Manya suka zo daga ofis suka yaba. Wasu makarantu suka kwaikwaya." Ya karkaɗe hannunsa. "Mu dai mun ga masu makara sun ragu, mun ce gyara ya zo. Ba wanda ya ce a je a duba ko suna cikin aji."

Tela ta ce, "Baba, wace malama ce?"

Ya kalle mu ɗaya bayan ɗaya, kamar muna yi masa wasa. "Wadda ta aiko ku mana."

Ban san yadda muka yi masa sallama ba. Matar da ta tambaye ni wa ya ce kaina ba ya ja, ita ce ta sa kwaɗon da ya bar ni a waje. Na ce ni da ajin nan har abada. Dogo ya ce, "Kai ma ka cika zafi. Matar nan saura mako biyu a yi mata bikin sallama. Mu ce Baba ya tsufa, ya manta. Wa zai sani?" Tela ta ce, "Ita ta aike mu. Kuna ganin ba ta san abin da zai faɗa ba?"

Ranar Asabar na je, don ƙafata ta ƙi zama a rumfa. Dogo ya tashi ya ba da bayani tiryan-tiryan, da ya zo kan wanda ya kawo dokar ya tsallake. Malama ta bar shi ya gama.

"Wa ya kawo dokar?"

"Malama, kin san tsufa. Baba ya ce abin ya shige masa."

"Baba yana tuna lambar motar shugaban makarantar da ya rasu kafin a haife ka. Zauna, ɗana, ƙarya ba ta yi maka kyau." Ta cire tabarau ta ajiye a kan kwalin. "Na san ni na kawo ta. Ban taɓa ɓoyewa ba, alfahari ma nake yi da ita. Tana cikin yabon da za su karanta ranar sallamata. Abin da ban sani ba shi ne inda yaran suka tafi. Na ƙirga masu durƙuso, na ga sun ragu, na ji daɗi, na daina tambaya. Ni da nake koya wa mutane tambaya. Sai da na ga murafan nan."

Ta juyo gare ni. "Kai ne ka fi kowa haɗe rai. Na sha tambayarka, yau kai ka tambaye ni."

Na ce, "Malama, ke kina ina a cikin labarin?"

Ta ce, "Ina bakin ƙofa, ta ciki, da mabuɗi a hannuna. Haka za ka faɗa ranar taro, gaban kowa. In kuka cire ni, kun cire binciken."

Ranar sallama ɗakin taro ya cika da malamai da iyaye da tsofaffin ɗalibai. Shugaban makaranta ya karanta yabo, ya zo kan dokar ƙofa, aka yi tafi mai tsawo. Da aka miƙa wa Malama abin magana, sai ta ce ta bar wa ɗalibanta na Asabar lokacinta. Muka shigo da kwalinmu, mun manne murafan da gam, ni da man inji a ƙarƙashin farce. Na ji wani yana cewa, "Su wane ne kuma waɗannan?"

Ni na fara bayani. Na nuna tudu, na nuna inda bututu ya ƙare, na faɗi maganar 'ya'yan fari, na faɗi abin da mai wankin mota ya ce. Da na zo kan tarihi sai na tsaya. Na kalle ta, ta ɗaga mini kai. Na faɗa.

Shugaban makaranta ya miƙe ya ce, "Malama, yau fa ranar farin ciki ce. Wannan maganar ta ofis ce."

Ta ce, "Ranka ya daɗe, a bakin titi aka durƙusar da su, ba a ofis ba."

Can daga baya wata mata ta miƙe, sai na ga Umma ce. Ban san ta zo ba. Ta ce, "Ni ba karatu gare ni ba. Amma ni nake tura shi ruwa, yanzu kuma ƙanwarsa nake turawa. Kullum ina ce musu su yi sauri. Ban taɓa tambayar me ake yi musu in sun isa ba." Ta koma ta zauna, ta rufe fuska da mayafi.

Shugaban ba mugu ba ne, kuma maganarsa tana da kama. Ya ce in aka buɗe ƙofa, makaranta za ta koma kasuwa, ɗan gangare ma zai yi barcinsa ya ce ruwa ne. Wa zai tantance? Ba shi da malamin da zai ajiye a ƙofa.

Malama ta ce, "Daga gobe ba ni da aiki. Ka bar babbar a kulle, ka ba ni ƙaramar. Ka gwada ni zango ɗaya. Amma wannan karon ba masu makara za mu ƙirga ba, waɗanda suke zaune a aji za mu ƙirga."

Ba zan ce komai ya gyaru ba. Ruwa yana nan yana makara. Mun kai wa ofishin ruwa taswirarmu, an karɓa da fara'a, har yau shiru. Wasu tsofaffin abokan aikinta sun daina gaishe ta, sun ce ta zubar wa makaranta da mutunci, ta ɓata ranarta da hannunta. Akwai 'yan gangaren da suke gwada wayo, sai dai ta san kowane lungu na kwalin nan, takan kalli yaro ta ce, "Ku ai ruwanku tun asuba yake zuwa. Shiga, amma gobe ina son in ji me ya hana ka barci da wuri." Abin da zan iya rantsewa a kai shi ne, babu wanda ya sake durƙusawa a titin nan. Zangon gwajin ya ƙare, shugaban bai nemi mabuɗinsa ba.

Malama, ke ce kika koya mini cewa mutum ba ya sanin kansa da zato. Ke ce kika sa na ga cewa bututu da tudu da kunya da matsayin haihuwa duk suna iya haɗuwa a gwiwar yaro ɗaya, kuma wanda ya karanci ɗaya ya bar sauran bai ga komai ba. Na yi fushi da ke, kuma ba zan ce ya wuce ƙat ba. Wata rana ina cikin bugun taya sai in tuna shekarun da suka tafi. Amma na ga manya da yawa da aka nuna wa kuskurensu, na ga yadda suke yi. Ban taɓa ganin wanda ya aika a tono nasa, ya tara jama'a, ya miƙa wa wanda abin ya shafa abin magana ba, sai ke. Uwar tambaya, kin ɗora wa kanki tambayar da ta fi zafi, ba ki kauce ba.

Ni ma tambayar ba ta bar ni ba. Yanzu rana ɗaya ni nake tsayawa a layin famfo, rana ɗaya ƙanwata, rumfa ta jira. Dogo yana yi mini tsiya, wai an ga mai faci da gammo. Shi ma Asabar ba ta wuce shi, wai yanzu binciken tasha yake yi, ya addabi direbobi da me ka gani.

Ga malamai da iyaye da duk wanda yake riƙe da mabuɗin wata ƙofa, ba ni da ilimin da zan yi muku wa'azi. Abin da na gani kawai zan roƙe ku da shi. In kun kafa doka kuka ga masu karya ta sun ragu, kafin ku yi tafi, ku tashi ku je ku duba ina suka shiga. In kuma binciken ya biyo hanya ya tsaya a ƙofarku, ku buɗe masa kamar yadda matar nan ta yi.

Na gode, Malama. Allah ya ƙara miki lafiya da tsawon rai, ya ba ƙafar kujerar nan haƙuri.

Yau da safe ranar ƙanwata ce a famfo. An kaɗa ƙararrawa, an sa kwaɗo, ina zaune a rumfa na kasa taɓa komai. Can sai ga ta ta gangaro da gudu, gefen siket ɗinta jiƙe. Daidai kwanar da take kaiwa bayan injin niƙa, na ga ta rage sauri. Ta ɗaga kai ta hango Malama tsaye, ƙafarta tokare da ƙaramar ƙofa. Sai ta miƙe hanya.

"Ruwa ya zo?"

"Ya zo, Malama."

"To sannu da aiki. Shiga, an fara tarihi."